Ƙwarzane a Agogon Baba Sannu

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Labarin nan babu dodo a cikinsa, babu aljani, amma mutumin da abin ya faru da shi ya ji tsoron da bai taɓa jin irinsa ba, kuma abin da ya fara kaɗa masa hanta bai kai tsawon farce ba.

Direba ne. Motar ma'aikata yake ja a wani kamfanin saƙa, doguwar bas shuɗiya mai kujera talatin da biyu, wadda take kwaso matan da ke aikin injin zare da safe, ta mayar da su unguwanninsu da yamma. Sunansa na yanka ko a gareji ba kowa ya sani ba. Baba Sannu ake ce masa, don ko mai keke ne ya wuce shi a hanya ba ya jin haushi. Matan kan ce in ka shiga motar Baba da kofin shayi cike fal, za ka sauka ko ɗigo bai zuba ba, sai dai ka tarar ya huce.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye masa gemu. Kafin ya tayar da mota sai ya zaga ta, ya dudduba tayoyi yana bugun kowace da ƙafa, ya hura wa madubi iska ya goge da hankici. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, ko kaza bai taɓa takawa ba. Da sitiyarin nan ya rene 'ya'ya huɗu har kowa ya kama gabansa, gida ya rage daga shi sai matarsa, wadda kowa ke kira Iya, a ciki da falo mai koriyar ƙofa a ƙarshen wani siririn lungu.

To, direbobin garejin nan suna da wata ɗabi'a da ya kamata ku sani. Kowannensu yana da gwangwanin man goge mota da tsumma a ƙarƙashin kujerarsa. Dalili kuwa, duk safiyar Litinin shugaban gareji, wanda suke kira Oga, yakan zaga motocin ɗaya bayan ɗaya yana shafa jikinsu da tafin hannu. Motar da ya samu da ƙwarzane, direbanta zai sha tambaya har sai ya yi zufa. Saboda haka da zarar mutum ya gogi bango ko wani ya goge shi, sai ya jawo gwangwani ya murza wurin har ya ɓace. A wurinsu, ƙwarzanen da aka goge kafin Litinin bai taɓa faruwa ba. Baba Sannu ma yana da nasa gwangwanin, amma na ba da aro ne: sauran direbobi ke ƙarar masa da shi. Shi bai taɓa buɗe shi don laifin kansa ba.

Wata rana manaja ya tara ma'aikata a filin kamfani, ya kira Baba gaban kowa, ya miƙa masa wani ɗan akwati. Agogon hannu ne na farin ƙarfe, sarƙarsa gaɓa-gaɓa, tsakiyarta tana sheƙi kamar madubi, gefenta kuma dishi-dishi. A bayansa an rubuta: shekara talatin babu haɗari. Sun makara da shekara guda, amma Baba bai taɓa ganin laifin mai tafiya a hankali ba. Matan suka yi ta guɗa, shi kuwa ya tsaya da akwati a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

Daga ranar agogon nan ya ga gata. Sati biyu bai ɓare ledar da ke kan gilashinsa ba. In zai wanke mota sai ya cire shi ya naɗe a hankici ya sa a aljihun gaba. In zai wanke hannu, ya cire. Da yamma in ya dawo, kafin ya taɓa abinci, sai ya zauna a bakin gado wajen taga, ya shimfiɗa tawul a cinya, ya bi gaɓoɓin sarƙar ɗaya-ɗaya da auduga a kan tsinke, sannan ya goge da wani lallausan ƙyalle da ya yanko daga tsohuwar singileti.

"Malam, wai agogon nan jariri ne?" in ji Iya. "Huɗu na haifa maka, ban taɓa ganin ka goge wa ko ɗaya bayan kunne ba."

"Su ai suna da ke. Shi wa gare shi?"

"To Allah ya raya. In ya fara haƙori ka gaya mini."

A kwana na goma sha tara ya ga ƙwarzane na farko. Siriri ne kamar gashin gira, a gaɓa ta uku, can gefen waje. Ya karkata hannu ga haske, ya hura, ya goge. Yana nan.

"Ke, kin taɓa agogon nan?"

"In taɓa shi in yi me da shi? In dafa?"

Ya gwada man goge baki, bai fita ba. Washegari ya lakato man goge mota a cikin 'yar takarda ya zo da shi gida, ya murza da ƙyalle a hankali har zanen ya ɓace. Ya yi ajiyar zuciya, ya ci abincinsa da daɗi.

Bayan kwana biyu sai ga guda biyu. Ya goge. Bayan kwana uku ga wani mai zurfi, wanda farce ke maƙalewa a ciki. Ya murza har yatsansa ya yi zafi. Ya sayo salatif ya naɗe gefen sarƙar, yana jan hannun riga yana rufewa don kada a yi masa dariya. Da yamma ya tarar salatif ɗin ya yage, ga sabon ƙwarzane a ƙarƙashinsa.

Da farko ya zargi mutane. A gareji akwai waɗanda kyautar nan ta tsaya musu a rai, kuma yakan rataye rigarsa a ƙusa in yana wanke mota. Sai ya daina cire agogon a wurin aiki, ya koma ɗaure shi da leda in zai taɓa ruwa. Daga fitarsa gida har dawowarsa, agogon yana manne da fatarsa. Amma da yamma in ya zauna wajen taga, sai ya tarar da sabo, kullum a gefe ɗaya. Wannan ne ya fara sa gabansa faɗuwa. Abu yana hannunka, ba ka ba kowa ba, ba ka faɗi ba, ba ka yi faɗa ba, to wa ke karce shi?

A kwanakin nan ne kuma gidan ya fara yi masa wani iri. Ya shigo falo gwiwarsa ta bugi kujera.

"Wa ya matso da kujerar nan hanya?"

"Kujerar nan tun bikin autarmu take wurin, Malam."

Ya fita, kafaɗarsa ta gogi ƙofa, ya ce katakon ya kumbura. Ya zauna cin abinci yana ta kiran a kawo masa ruwa, alhali ga kofi nan kusa da hannunsa na hagu. Iya ta dube shi, ta dubi kofin. Ta ɗauke shi ta mayar dama. Daga ranar, ruwa da cokali da hular da zai sa, duk a dama take ajiye masa, shi kuwa bai lura ba.

Ranar wata Asabar da rana yana wanke bas a gareji, ya zagayo da bokiti gefen direba, sai ya tsaya cak. Wani dogon farin layi ne tun daga bayan ƙofarsa har kusa da tayar baya, da garin siminti a cikinsa. Ya tuna da safe, yana fita daga get ɗin gareji, ya ji wata 'yar ƙara, ya ɗauka tsakuwa ce taya ta harba. Ya juya ya dubi ginshiƙin get ɗin. Ga shuɗin fenti a jikinsa. A gefensa fa, gefen da in ya miƙa hannu ta taga zai taɓa. Get ɗin da yake bi sau huɗu a rana tun kafin a haifi Oga.

Zufa ta karyo masa. Ya waiga, babu kowa sai wani makanike da ya shige ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Baba ya durƙusa ya jawo gwangwanin nan. Da ƙyar ya buɗe murfin. Ya fi awa guda yana murza, ya je ya kankare ginshiƙin da dutse, ya dawo ya ƙara murzawa. Ranar Litinin Oga ya shafa motar ya wuce, har ya ce, "Baba, kullum taka kamar amarya." Baba ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

Abin da ya kai shi wurin mai gyaran agogo shi ne gefen sarƙar ya fara sauya kama. Wurin da yake dishi-dishi ya koma santsi yana ƙyalli, bai dace da ɗaya gefen ba. Mai agogon tsoho ne siriri mai zafin baki, yana zaune da akwatinsa na gilashi a ƙarƙashin matakalar wani jerin shaguna. Sun san juna da daɗewa, don a gabansa bas take tsayawa ta ɗauki mutum uku.

Ya karɓi agogon, ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya, ya juya shi, ya ja tsaki.

"Direba, da me kake goge wannan? Da bulo?"

"Man mota ne. Kaɗan nake sawa."

"Kaɗan! Ka cinye masa fata. Kai a tunaninka ƙwarzane cike shi ake yi? In ka goge, ƙarfen da ke kewaye da shi kake zaftarewa har ya yi daidai da ramin. Dubi kusurwar nan, da kaifinta ta zo, yanzu ta zama kamar sabulun da aka sha wanka da shi. Ruwan ɗumi, ɗan sabulu, tsohon burushi mai laushi, ka shanya. Shi ke nan. Agogon da ake sawa dole ya yi tabo, ka bar masa abinsa."

"Ni ba tabon ne ya dame ni ba," in ji Baba, ya rage murya. "Ban san inda yake samowa ba."

Mai agogo ya ɗago ya dube shi da ɗayan idon. Ya mayar da kai, ya ɗauki allura ya shiga tsakanin gaɓoɓin yana tono wani abu yana zubawa a kan farar takarda. Ya daɗe yana yi.

"Ƙofar gidanka koriya ce?"

Baba ya ji tsigar jikinsa ta tashi. "Wa ya gaya maka?"

"Ga fentinta nan. Ga kuma farar ƙasa ta bango. Wannan shuɗin na motarka ne, na bakin ƙofa. Ka goge sama, ka manta da lungu." Ya tura masa takardar. "Shekara arba'in ina duba hannun mutane. Akawu, a ƙarƙashin maƙalli yake samun nasa, inda yake gogar tebur. Tela a wajen gilashi. Direba kusan ba ya samu, hannunsa a sama yake yini. Naka duk a gefen waje suke, duk a kwance, daga gaba zuwa baya. Ba a karce maka agogo, Direba. Kai kake bi da shi ta jikin abubuwa."

"Ni? Ina ganin hanyata sarai."

"To zauna nan." Ya jawo masa benci. "Kalli hancina. Kada ka juya ido. In ka ga sukudireban nan ka ce ka gani."

Ya miƙa hannu can gefen daman Baba, ya fara kawo shi a hankali. Tun yana nesa Baba ya ce, "Na gani." Mai agogo ya sauya hannu, ya koma hagu. Baba ya zuba wa hancin tsohon ido yana jira. Mutane suna hawa matakala a bisa kansu, ƙura tana zubowa. Wani yana gwada rediyo a shagon kusa. Baba yana jira.

"To fara mana," ya ce.

Sai Baba ya ji sanyin ƙarfe a kumatunsa na hagu.

Wallahi da za a tsaga jikinsa a lokacin, ba za a samu jini ba. Ya juya kai, ga sukudireba, ga hannun, ga rabin titi da motoci da mutane, duk suna nan, ashe tun ɗazu suna nan. Abin da ya fi razana shi, babu wani duhu a wurin. Da duhu ne da ya sani. Shi dai a ganinsa duniya cike take, ba abin da ya ragu.

"Asibitin ido, yau ba gobe ba," in ji mai agogo. Zafin bakin nan duk ya tafi.

"Don Allah kada ka gaya wa kowa."

"Ni agogo nake gyarawa, ba na kai rahoto." Ya ɗaura masa agogon da kansa, ya danna maƙallin. "Amma matar ɗana a motarka take zuwa aiki. Kujera ta uku, wajen taga. Ciki gare ta."

Ku da kuke jin labarin nan kuna cewa ai sai ya ajiye makulli. A baki da sauƙi. Mutumin da tun yana saurayi bai san wata sana'a ba, wanda in aka cire masa sitiyari bai san sunan da za a kira shi da shi ba, ba a rana ɗaya yake sakin abin nan ba. Baba ya ce wa kansa gajiya ce. Ya ce zai riƙa juya kai. Ya ce hanyar nan ko an ɗaure masa ido zai bi ta. Bai je asibiti ba, bai kuma gaya wa Iya ba.

Kwana uku ya yi yana tuƙi da wannan sani a cikinsa, kuma kwana ukun nan sun fi masa shekara talatin tsawo. Kowane taku goma sai ya juya wuya hagu gaba ɗaya, ya dawo, ya sake juyawa. Duk juyawa sai ya ga wani abu da bai san yana nan ba: mai babur dab da ƙofarsa, mai tura baro, wata babbar mota da ta cika titi. Kamar daga ƙasa suke tsirowa. Rigarsa takan jiƙe kafin ya kai rabin hanya. In ya kalli madubin ciki sai idonsa ya faɗa kan kujera ta uku.

Akwai wata mata da kullum take zama a kujerar gaba kusa da ƙofa, babbar ma'aikaciya ce a sashen rini, ana ce mata Rediyo don bakinta ba ya mutuwa.

"Baba, wai wa kake nema a hagu ne?" ta ce. "Ko budurwa ka yi a layin nan? 'Yan uwa, Baba ya yi budurwa! Bari mu kai wa Iya labari."

Mota ta ɗauki shewa. Wata daga baya ta ce, "A irin tafiyar nan tasa, kafin ya isa gidansu ta yi jika!"

Baba ya yi murmushi, hannuwansa sun ƙanƙame sitiyari.

Ranar Alhamis da safe, saura kaɗan su isa kamfani, a mahaɗar da ake karya kwana zuwa get ɗin kamfanin. Ya duba hagu, babu kowa. Ya duba dama, ya jira wata tanka ta wuce. Ya saki birki, ya fara shiga.

"Baba, mace! Baba!"

Ƙafarsa ce ta ji kafin kansa. Bas ta yi wata irin girgiza ta tsaya, jakunkuna suka zube, mata suka yi salati. Ya juya. Wata mata ce da goyo a baya, tsaye dab da fitilar motar, lemarta ta karye a jikin madubi. Idonta a cikin nasa. Jaririn ya ɗaga kai daga zani yana kallon bas ɗin, ko kuka bai yi ba. Tsakanin cikin matar da ƙarfen mota bai fi tafin hannu ba.

Ta zazzaga masa abin da ya sawwaƙa, ta ja lemarta ta wuce. Cikin mota kuwa sai yabo ya ɓarke.

"Kai, Baba ya iya birki!"

"Da wani ne da yanzu ana wani zancen."

"Ita ce ba ta duba ba, ta faɗo hanya kamar akuya."

"Ba a banza aka ba shi agogo ba!"

Kowace kalma kamar ana ɗora masa dutse a ƙirji. Shi kaɗai ya san bai gan ta ba. Ba makara ya yi ba, ba shagala ya yi ba. Matar ba ta cikin duniyarsa sam, har sai da aka kira masa ita.

A bakin get suka sauka ɗaya bayan ɗaya suna yi masa sannu. Mai cikin nan ta sauka a hankali tana dafa ƙofa, ta ce, "Allah ya saka, Baba." Rediyo ta tsaya gyara ɗaurin jaka har kowa ya fita. Sannan ta matso, da wata murya da bai taɓa jin ta da ita ba.

"Baba, ni tun daga bakin kwalbati na hango ta. Tafiya take a hankali, ba gudu ba. Kai ma ka gan ta, ko?"

Ya buɗe baki zai ce e. Harshensa ya ƙi.

Ta daɗe tana kallonsa. "Ba komai," ta ce. "Da yamma ma a nan zan zauna. Gobe ma. Zan riƙa duba maka wancan gefen, ba wanda zai ji."

Ta sauka. Ya zauna cikin motar da ba kowa, injin yana aiki. Alheri ta yi nufi, ya sani. Amma ya hango ranar da za ta yi zazzaɓi ba ta zo ba, ko ta juya tana ba wata labari, ko ta sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi. Rai talatin da biyu, da duk wanda ke tafiya a bakin titi, a rataye a bakin Rediyo. Ya buɗe ƙofa ya tofar da yawu mai ɗaci.

Daga kamfani zuwa gareji tafiyar minti biyar ce. Ya yi ta a giya ɗaya, da kansa a karkace. Ya ajiye motar a waje, bai yarda ya shiga get da ita ba.

Oga yana ofishinsa, ɗan ɗaki mai fanka ɗaya da makullai rataye a allo. Sa'an babban ɗan Baba ne.

"A'a, Baba, lafiya? Zauna mana."

Baba bai zauna ba. Ya ajiye makullin a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, a nemi wanda zai kwaso su da yamma. Ba na ganin hagu."

"Madubin ne? Bari in sa a..."

"Ba madubi ba. Ni."

Ya gaya masa komai a tsaye: sukudireba, matar da goyo, har da layin da ya goge ranar Asabar da ginshiƙin da ya kankare. Wannan na ƙarshen ne ya fi masa ciwo a faɗa.

Oga ya jingina da kujera, fuskarsa ta sauya. "Na ji wurin," ya ce a hankali. "Ranar Litinin. Hannuna ya ji ya fi sauran santsi, tun daga ƙofa har baya. Da motar wani ce da na tsayar da shi. Na ce a raina, motar Baba ce." Ya dubi makullin kamar wani abu mai cizo. "Kwana nawa ke nan?"

"Ban sani ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan."

"Ban san abin da manaja zai ce ba, Baba. Ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba."

"Ban zo neman alkawari ba, ɗana."

A ƙafa ya koma gida, yana bin jikin bango ta dama. Iya tana shanya a tsakar gida, ta gan shi da hantsi, ba mota ba makulli. Ta ajiye rigar da ke hannunta cikin bokiti.

"Idon ne?"

"Kin sani?"

"Wata guda ina ajiye maka ruwa a dama, Malam. Kullum ka fita sai in zauna ina sauraron waya, in ta yi ƙara cikina ya ɗuri ruwa. Na rasa ta inda zan fara gaya maka." Ta goge hannu a zani, ta goge ido da bayan hannun. "Bari in ɗauko mayafina."

A asibiti aka sa shi ya leƙa cikin wani farin kwano yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Ya daɗe a zaune bai danna ba, yana jin ma'aikaciyar tana numfashi a bayansa. Aka tura shi hoton kai. Likitar, wata mai sanyin magana, ta ce idanun kansu lafiya suke. Wata 'yar jijiya ce a cikin kai ta toshe, ta tafi da rabin ganinsa, kuma jininsa ya hau sosai. Ta ce za a ba shi magani don kada wata ta biyo baya, wadda za ta iya fin wannan muni. Ta ce wasu yakan ɗan dawo musu, wasu ba ya dawowa.

"Tuƙi fa, likita?"

Ta rufe fayil ɗin. "A'a, Baba."

Bai sake jan mota ba. Kamfani ya sallame shi da mutunci bayan wata biyu, yanzu yana gida, yana shan magani safe da yamma, yana koyon shiga ƙofarsa da juya kai.

Amma bari in mayar da ku ranar asibitin, da suka fito. Tashar motar da za su hau tana tsallaken babban titi, mai layi biyu kowane gefe, babu danja. Baba ya tsaya a bakin kwalta. Shekarunsa duka daga sama yake kallon titi, ta bayan gilashi. Yanzu ga shi a ƙasa, iskar motoci tana kaɗa masa riga, ƙararsu tana zuwa daga wurin da ba ya gani. Ya sa ƙafa ɗaya, wani abu ya wuce fuu ta gabansa, ya ja da baya.

"Ba zan iya ba," ya ce.

Iya ta zagayo ta tsaya a hagunsa. Nan take ta ɓace masa, sai dai ya ji yatsunta sun kama hannun rigarsa.

"Ina nan," ta ce. "Wannan gefen nawa ne, kai ka ji da dama. In na ce mu je, kada ka tsaya yi mini gardama irin ta gida."

Suka jira. Tirela ta wuce, ƙasa ta girgiza. Babura biyu. Wata ƙaramar mota mai hon.

"Dama fa?"

"Babu kowa."

"To mu je."

Ya taka kwalta.